LABARIN SULTAN KHAN DA GWANIN KUBA, DA ABIN DA MALAMAI SUKA CE GAME DA SHAƊARANJI

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai da attajirai masu karanta wannan shafi, yau za mu ba ku labarin wani wasa da ya shigo gidajenmu ba da sallama ba. Shi ne shaɗaranji, wanda yaran boko suke ce wa darar Turawa. A da ba mu jin sunansa sai in karatu ya kai ƙarshen Risala, malam ya fassara, a wuce. Yanzu kuwa ga shi cikin wayoyin 'ya'yanmu, ana koyar da shi a wasu makarantu, har ana shirya masa gasa a manyan garuruwa. Cikin watan Afrilu na 2024 wani saurayi ɗan Nijeriya, Tunde Onakoya, ya zauna a tsakiyar birnin New York na Amurka ya yi awa 60 yana wasan, ba ya hutawa sai 'yan mintoci, domin a tara kuɗin karatun yara matalauta. Labarin ya cika ƙasa, yara suka ƙara ƙwallafa rai, iyaye kuma suka shiga tambaya: a bari ko a hana? To, malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san surarsa. Saboda haka za mu fara da surar abin, sa'an nan mu kawo wasa guda da aka yi a gaban shaidu, kana mu koma ga maganar magabata.

ASALINSA DA SURARSA

Asalin wasan nan ƙasar Hindu, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya. Daga can ya shiga Farisa, da Musulmi suka ci Farisa suka same shi a can. A zamanin Abbasiyawa ya yi kasuwa a Bagadaza, har aka sami gwanaye irin su Adli da Abubakar Suli, wanda ya rasu wajen 946, suka wallafa littattafai a kansa. Ta hannun Musulmin Andalus da Sikiliya ya isa wurin Turawa. Su kuma wajen ƙarshen ƙarni na 15 suka sake wasu ƙa'idodinsa, suka ƙara masa sauri. Ko a nan kusa da mu, fadawan Barno suna da nasu iri mai suna tsatsarandi, wani jami'in Turawa mai suna Meek ya rubuta labarinsa cikin 1934.

Allon wasan gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Mutum biyu ke yi, ɗaya da farare ɗaya da baƙaƙe, kowa da 'ya'ya 16: sarki ɗaya, waziri ɗaya, giwa biyu, doki biyu, dakaru takwas, da waɗansu biyu da Larabawa ke kira rukh. Barebari suna ce wa sarki mai, waziri ciroma, rukh kuwa kaigama, mu ma da kaigama za mu kira shi a nan. Kaigama yana tafiya miƙe, gaba ko baya ko gefe, iyakar inda hanya ta buɗe. Giwa a karkace take tafiya, ba ta barin launin gidan da ta fara. Waziri, wanda Turawa suka mayar sarauniya, ya haɗa tafiyar kaigama da ta giwa. Doki shi kaɗai ke tsallake kan wani. Sarki gida ɗaya yake takawa. Dakare gaba kawai ya sani, amma in ya kai ƙarshen allo sai a naɗa shi waziri. Wanda ya tsare sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci. Ba kuri'a a ciki, ba jefa ƙashi, ba sa'a. Wannan shi ne bambancinsa da nardi.

Masu wasan suna da lissafi irin na kasuwa: dakare ɗaya ne, doki uku, giwa uku, kaigama biyar, waziri tara. A riƙe wannan, za a bukace shi nan gaba.

MUTUMIN FANJAB

An haifi Sultan Khan cikin 1903 a Mitha Tiwana, wani gari na ƙasar Fanjab wanda yau yake cikin Pakistan. Gidansu gidan Musulmi ne, na malanta da gonaki. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya koya masa shaɗaranji irin na Hindu, wanda dakare ba ya taka gida biyu a tashin farko, sarki kuma ba shi da dabarar nan ta Turawa ta shigewa lungu a bayan kaigama cikin taku ɗaya. Kafin ya wuce shekara 21 ba mai iya karawa da shi a Fanjab. Sai wani basarake mai yawan ƙasa, Umar Hayat Khan Tiwana, ya ji labarinsa, ya jawo shi gidansa, ya sa aka koya masa ƙa'idodin Turawa. Cikin 1928 ya ci gasar Hindu duka a birnin Dilli: wasa tara, ya ci takwas, ɗaya aka tashi ba wanda ya ci.

Cikin 1929 basaraken ya tafi da shi Landan. Gwajin farko da aka yi masa bai yi kyau ba, a ƙarshen jeri ya tsaya, domin bai san littattafan Turawa na buɗe wasa ba, ba ya kuwa karanta harshensu. Gwanayen Ingila biyu, Yates da Winter, suka zauna da shi suna nuna masa. 'Yan watanni kaɗan bayan haka aka yi gasar zakaran Ingila a garin Ramsget, sai ga baƙo ya tashi da kambin. Ga shi kuwa sanyin ƙasar bai karɓe shi ba, kullum yana fama da mura da ciwon maƙogwaro da zazzaɓin cizon sauro da ya zo da shi daga gida.

TARON HESTIN

Hestin gari ne a bakin teku, kudancin Ingila. Tun daga 1920 mutanen garin suka ɗauki al'adar tara masu shaɗaranji kowace shekara a kwanakin hutun Kirsimeti. Taron hawa-hawa ne. A ƙasa akwai rukunai da ƙofarsu take buɗe ga masu sha'awa, kowa ya shiga gwargwadon ƙarfinsa. A wancan zamani, a sama akwai rukunin mutum goma da ake gayyata, kowa ya kara da kowa sau ɗaya. Wanda ya ci wasa maki ɗaya, in an yi kunnen doki rabi-rabi. Kowane tebur da agogo mai fuska biyu, in ka yi taku ka danna, lokacin abokinka ya shiga tafiya. Abin da ka taɓa shi za ka motsa. Kowane taku kuma sai an rubuta, shi ya sa wasan da za mu faɗa yake nan a adane har yau, taku bayan taku.

Abin lura, yawancin mutanen goma na shekarar 1930 ba da wasan suke cin abinci ba. Maks Euwe na ƙasar Holan malamin lissafi ne a makarantar 'yan mata. Michell ma'aikacin gwamnati ne. Tylor malamin shari'a ne a jami'ar Oksfod, idonsa kuwa da kyar yake gani. Tomas ɗan sarauta ne. Akwai mace ɗaya, Vera Menchik. Babban baƙo shi ne Kafablanka, mutumin Habana ta ƙasar Kuba, ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarsu. Shi ne zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, kuma daga 1916 zuwa 1924, shekara takwas cur, ba wanda ya cinye shi a gasa ko sau ɗaya. Wasannin gasa da ya faɗi tun da ya girma har ya bar duniya cikin 1942 ba su cika 40 ba.

Ran Laraba, 31 ga Disamba 1930, wanda ya yi daidai da watan Sha'aban na 1349 na Hijira, aka zaunar da Sultan Khan gaban wannan mutum. Sultan ke da farare, watau shi zai fara.

YADDA WASAN YA GUDANA

A taku na 5 Sultan ya tura dakaren gefe gida ɗaya tak. Taku ne mai kama da na rago, amma manufarsa ya toshe gidan da giwar Kafablanka take so ta sauka ta ɗaure masa doki. Shekaru da yawa bayan haka manyan gwanaye biyu, Petrosiyan da Kasparov, suka riƙi wannan taku makami, har aka sa masa sunan na farkon.

A taku na 8 Kafablanka ya shigar da sarkinsa lungu yadda littafi ya ce. Sultan bai yi haka ba, ya bar nasa a tsakiya kamar yadda ya saba a gida. A taku na 13 ya ba da doki ya karɓi giwa, dakarun Kafablanka biyu suka hau layi ɗaya, wani bayan wani, ba mai iya tsaron ɗan'uwansa. A taku na 17 aka sake musanya doki da doki. Da ƙura ta lafa sai aka ga giwar Kafablanka da ta rage dakarunta sun tare mata hanya, tana kallon bayansu. Sa'an nan Sultan ya turo dakarun ɓangaren sarki, a taku na 20 ya kori dokin Kafablanka, dokin ya koma layin baya ya tsaya.

Kafablanka kuwa ba barci yake ba. Ya jera kaigamansa biyu a kan layi guda da ya buɗe, ɗaya bayan ɗaya. A taku na 21, da giwar Sultan ta auna na bayan, sai ya sauko da na gaban har cikin gidan Sultan, ya yi wa sarki barazana. Da Sultan ya yi gaggawar cinye shi, da na biyun ya sauko ya zauna masa a tsakar gida ya ɗaure shi. Sai ya ƙi ci. Ya taka da sarkinsa gida ɗaya gaba, kaigaman Kafablanka duka biyu suka zama a bakin ci. Kafablanka ya sauko da na biyun ya sake yi wa sarki barazana. Wazirin Sultan ya cinye shi, ɗaya kaigaman ya cinye wazirin, sarkin Sultan da kansa ya cinye kaigaman. A taku na 24 ke nan.

To, attajirai, ga ciniki: Sultan ya ba da tara, ya karɓi goma. Ribar ɗaya ce tak, kuma mai kallo zai ce wanda ya rage da waziri shi ke da ƙarfi, domin waziri ne mafi barna a kan allo, sarkin Sultan kuwa yana fili. Amma haja ba ta da daraja sai inda take da mai saye. Waziri yana bukatar ƙofa da zai shiga da mataimaki da zai dafa masa. Kafablanka ba shi da ko ɗaya: giwa a ɗaure, doki a ɗaure, dakarun Sultan kuwa suna tsaron juna.

Daga nan aka shiga wasan haƙuri. Sultan ya kama layin nan buɗaɗɗe da kaigamansa biyu. Bai kai hari ba. Ya bi ƙofofin allo yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, dakare nan, dakare can, dama da hagu. Sarkinsa ya yi ta tattaki a ɓangaren da ba hatsari, har ya kai kusurwar allo ya dawo. Wazirin Kafablanka ya tsallaka ya shiga bayan dakarun Sultan yana neman abin ci, sai kai da kawowa tsakanin gida biyu zuwa uku, kamar mai gadin da aka kulle a zaure. Wajen taku 20 yana haka.

A taku na 52 Sultan ya juya kaigama ɗaya wajen wazirin, yana shirin takura shi. Kafablanka ya ɗaga giwarsa don ta tare masa. Giwar nan tun taku na 3 take tsaye wuri ɗaya, kuma ita ce ke tsaron ƙofar shiga gidansa. Tana ɗagawa, a taku na 53, kaigaman Sultan ya faɗa ta ƙofar. A taku na 59 Sultan ya bar wa waziri dakare ɗaya ya ci, shi kuwa a taku na 61 ya ci dakaren da ke tare hanya a ɗaya ɓangaren. Nan take dakarensa ya sami fili ya kama hanyar sarauta. Dokin Kafablanka, wanda ke tsaye tun taku na 20, bai motsa ba sai a taku na 63, bayan aikin gama ya gama. A taku na 65 Sultan ya gusar da kaigama daga gaban dakaren, saura gida biyu ya zama waziri. Kafablanka ya duba, ya sallama.

BAYAN WASA

Da aka ƙare taron Euwe ne na ɗaya, Kafablanka na biyu, Sultan na uku. Cikin 1931 Sultan ya cinye Tartakower a karawar wasa 12, ya kuma yi kunnen doki da Alekin, zakaran duniya na lokacin, a birnin Prag. Ya sake zama zakaran Ingila cikin 1932 da 1933. A wannan shekara ta 1933 wata budurwa mai suna Fatima, ita ma daga gidan basaraken nan, ta ci gasar matan Ingila. Cikin Disamba na 1933 basaraken ya koma gida, Sultan ya bi shi, Turai ba ta sake ganinsa ba. Ya koma gonarsa. Marubutan Turawa sun daɗe suna kiransa bara, zuriyarsa kuwa sun musanta haka, sun ce ɗan gida ne mai ƙasar kansa. Ya rasu ran 25 ga Afrilu 1966 a yankin Sargoda, da ciwon tarin fuka. Sai cikin Fabrairu na 2024 hukumar shaɗaranji ta duniya, FIDE, ta ba shi muƙamin babban gwani na girmamawa, shekara 58 bayan ya kwanta dama.

Amma ga abin da ya fi dacewa mu ji. Ɗansa ya ba da labari cewa mahaifin nasu ya ƙi koya musu wasan, yakan umurce su su nemi abin da ya fi amfani su yi da rayuwarsu. Mutumin da ya kayar da Kafablanka ke nan.

MAGANAR MALAMAI

Abin da ba saɓani a kansa: in an sa kuɗi, wanda aka cinye ya biya, caca ce, haramun ce. Haka in wasan ya sa aka bar salla ta fita lokacinta, ko aka tozarta wani wajibi, ko ya jawo zagi da rantsuwar ƙarya da gaba. Nardi kuwa hadisi ingantacce ya zo da haninsa cikin Sahihu Muslim da Muwaɗɗa.

Saɓani yana ga shaɗaranjin da ya kuɓuta daga waɗannan. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta. Cikin Muwaɗɗa an ruwaito Imamu Malik yana ƙinsa, bai ga alheri a cikinsa ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya haɗa shi da nardi wajen rashin halacci, ya karhanta zama wurin masu yi, amma bai hana yi musu sallama ba. Shaihu Halil cikin Muhtasar, a babin shaida, ya lissafa dawwama a kansa cikin abubuwan da ke zubar da mutunci har a ƙi karɓar shaidar mutum. A lura, dawwama ya ambata. Ibnu Abdil Barri, shi ma Bamalike, ya bayyana cewa wanda bai yi caca da shi ba, ya yi shi a ɓoye cikin iyalinsa jefi-jefi, an yi masa rangwame, Ƙurɗubi kuma ya ɗauko wannan magana cikin tafsirinsa. Hambaliyya sun haramta, haka mafi yawan Hanafiyya, sai Abu Yusuf da aka ruwaito sauƙi daga gare shi. Shafi'iyya kuwa makaruhi suka ɗauke shi in sharuɗɗan nan sun cika, suna kafa hujja da cewa an ruwaito wasu tabi'ai, irin su Sa'idu ɗan Jubairu, sun yi shi.

Akwai kuma mas'ala ta zamani da muke miƙa wa malamanmu. Gasar da ake kira buɗaɗɗiya, wadda kowa ke iya shiga, yawanci ana biyan kuɗin rajista. In kyautar wanda ya ci daga wani mai taimako ta fito, kuɗin rajista kuwa na haya da takardu ne, wannan sura ɗaya ce. In kuwa kuɗin masu wasan ne aka tara aka ba wanda ya ci, wannan wata sura ce dabam, kuma ta yi kusa da abin da aka haɗu a kan haninsa. Uban da ɗansa ya zo neman kuɗin shiga gasa, ya kamata ya tambayi wannan tun kafin ya buɗe aljihu, ya kuma tambayi ko ana tsayawa in lokacin salla ya yi.

KAMMALAWA

Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da muka gani cikin labarin nan biyu ne. Na farko, wasan ba na wawaye ba ne. Sultan Khan ya ci ne da abubuwan da kowane fatake ya sani: kada ka karɓi duk abin da aka miƙo maka, ka san darajar haja a wurin da take, ka rufe ƙofofinka kafin ka fita nema, kada kuma ka yi gaggawa in lokaci naka ne. Na biyu, daɗin nan nasa shi ne hatsarinsa. Wasa ɗaya na gasa yana cin awa huɗu ko biyar, wanda kuwa ya kamu da shi a waya yana iya raba dare bai sani ba. Awa biyar ta ishi gardi ya yi tilawar izu masu yawa, ta ishi ɗan kasuwa ya ci kasuwar yini. Magabata da suka tsananta, wannan suka hango, kuma gwanin Fanjab da kansa, bayan ya ga iyakar abin, haka ya gaya wa 'ya'yansa.

Saboda haka wanda ya bi maganar Malik ya hana ɗansa, yana kan hujja, sai dai ya bayyana masa dalili, kada ya ce da shi wasan kafirai ne, alhali ta hannun Musulmi ya isa Turai. Wanda kuma ya bi masu sauƙaƙawa ya bari, sai ya tsare sharuɗɗansu duka: ba kuɗi, ba wasa da salla, ba zagi, kuma allon karatu kafin allon wasa.

Allah ya sa mu dace, ya shirya mana zuriya, ya yi wa lokacinmu albarka. Haza wassalam.